Wasiƙu Huɗu a Cikin Layar Gwaggo

Warin sabuwar fata ba ya bari in wuce shi lafiya. Shekaranjiya na bi ta rumfunan dukawa zan sayi takalmi, wani yana yanka jar fata a kan gungume, warin bagaruwar jima ya doke ni, nan take raina ya ɓaci ba tare da kowa ya yi mini komai ba. Na fasa sayen takalmin, na koma gida ina ta yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ka yi mini haƙuri, mai karatu, in ka ji muryata tana tashi a cikin wannan labari. An yi shekara arba'in da faruwarsa, kuma har yau ban huce ba.

A Birni na tashi, cikin wani tsohon gida da bayansa ke jingine da dutse. Mai gidan shi ne kakana na wajen uba, wanda kowa ke kira Malam. Yana da ƙanwa ɗaya da duk gidan ke kira Gwaggo, ita ce ta ɗauke ni riƙo tun da aka yaye ni, a ɗakinta na girma. Sana'arta ƙunshi. Ba amaryar da za a kai a unguwarmu ba ta bi ta hannunta ba, shi ya sa ɗakin kullum yake warin lalle, tafin hannunta kuma ya rine har ya koma kamar bayan tukunya. Ta yi aure sau ɗaya a Dakusa, ba ta haihu ba, auren bai daɗe ba ta dawo gida, ba ta sake yarda an yi mata zancen wani ba.

Abu biyu na sani game da ita tun ban san komai ba. Na farko, tana da wata ƙatuwar laya ta jar fata da ke ɗaure a damtsenta na hagu, ko wanka za ta yi sai dai ta rataye ta inda idonta ke gani. Mutanen gida suna cewa ta ciwon sanyi ce. Na biyu, ta ƙi jinin soja. In kamyon soja, wato babbar motarsu, ya wuce ta bakin titi, sai ta kau da kai ta tofar da yawu ta ce, "Marasa alkawari. Allah ya isa."

A bakin matan gida na tsinci dalili, wajen sussuka da wajen layin ruwa. Tun zamanin Nasara, Gwaggo tana budurwa, an sa mata rana da wani saurayi ɗan dukawa, abokin Malam ne na ƙut da ƙut, tare suka yi karatun allo. Saura wata biyu biki aka zo ɗibar soja, aka ce unguwa ta ba da samari, sunansa ya faɗa ciki. Aka zuba su a mota, daga nan jirgin ruwa, aka kai su yaƙin Faransa a wata ƙasa mai nisa da ko sunanta tsofaffinmu ba su iya faɗa daidai ba. Yaƙin ba namu ba ne, ba gonarmu aka ci ba, ba rijiyarmu aka ƙwace ba, amma 'ya'yanmu aka kwasa. Wannan ma wani takaicin ne, sai dai ba shi na zo faɗa ba.

Saurayin ya rubuto wasiƙa sau huɗu cikin shekara uku, da ajami, da hannunsa. Duk ran da wasiƙa ta iso, dattawa sukan taru a zaure, Malam, wanda a lokacin saurayi ne, ya buɗe ya karanta a gaban mahaifinsu. Mata kuma suna laɓe a bayan ƙofa. Gwaggo takan tsaya can baya da tsintsiya a hannu tana yi kamar shara take. Ta ji an gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, an gaida liman, an tambayi damina, an tambayi dokin mai unguwa. Ita kaɗai ce ba a ambata ba. Da ta kasa daurewa ta aika uwarsu ta tambayi Malam ko akwai wani saƙo, sai ya ce, "Ya gaida mutanen gida duka." Amsar da yake mayarwa ma shi ke rubutawa, kowa lafiya, kowa yana gaishe ka. Bayan wasiƙa ta huɗu aka ji labarin cewa wa'adin saurayin ya cika amma ya sake sa hannu ya zarce da soja. Ba a rufa shekara ba aka aiko daga bariki cewa ya mutu.

Gwaggo ta ɗauka ya manta da ita ne, ya zaɓi kaki. Duk da haka ta roƙi uwarsu ta karɓo mata takardun. A wurinmu takardar da aka fara da bisimilla ba a yar da ita, ba a bari ta taɓa ƙasa, don haka ba wanda ya ga wani abu da ta kai su wajen baduku ya naɗe su ya ɗinke a fata. Laya kuwa ba a buɗe ta. Haka ta ɗaura su a jikinta sama da shekara talatin, tana zagin mai su da baki, tana kwana da rubutunsa a damtse.

Ina da shekara goma sha biyu idon Malam ya fara rauni. Ni ce jikar da yake ji da ita, yana kirana amaryarsa, yana ajiye mini alkaki a cikin gafaka. Da kansa ya koya mini karanta ajami don in riƙa karanta masa littattafansa na wa'azi in na taso daga lakwal, wato makarantar boko. Ka riƙe wannan, mai karatu: shi ya koya mini.

Wata damina aka yi ruwa mai ƙarfi, rufin ɗakinmu ya yi yoyo daidai inda Gwaggo ta rataye layar. Fatar da ma ta tsufa, ta jiƙe, ɗinkin ya saki. Da hantsi rana ta fito, ƙasa tana tururi, Gwaggo ta warware takardun a hankali ta shimfiɗa su a faifai, ta ce in zauna in kore kaji har su bushe. Ni kuwa a lokacin ko takardar ƙunshin ƙosai na gani sai na karanta, don a san na iya. Na sunkuya ina jiran in ga ayoyi, sai na ga Hausa. Na fara karantawa da ƙarfi, da irin muryar nan ta nuna gwaninta. Gaisuwa ga dattawa, gaisuwa ga liman. A tsakiyar takardar an ja dogon layi, a ƙasansa kuma an rubuta:

"Abokina, wannan na ƙasa ba na zaure ba ne. Ka karanta mata ita kaɗai, amana ce na ba ka."

Gwaggo tana tankaɗen lalle a bakin ƙofa. Na ji rariyar ta tsaya.

"Ci gaba," ta ce.

Na ci gaba. Ya ce a ƙasar da suke ruwa yake zuba dare da rana ba mai tarawa, in ya ga yana malala a banza sai ya tuna ta a bakin rijiya da tulu tun asuba, ya ji kamar ya ɗebo ya kawo mata. Ya ce hular da ta ɗinka masa tana cikin rigarsa, ba ya sa ta don kada ta tsufa kafin biki. Ya ce shinkafa suke ci safe da yamma har ya ƙi jininta, furar Gwaggo yake marmari. A ƙarshe ya ce ya san ba ta iya rubutu ba, ya kuma san ba za ta iya faɗa wa yayanta magana irin wannan ba. Don haka abu ɗaya yake roƙo: in tana jiransa, ta shafa lalle a babban yatsanta ta danna a gefen takardar da za a mayar masa. In ya ga jan yatsa, ya ji komai.

Ta biyu ma da layin nan. Ta uku ma. Kowace tana tambaya ina yatsan, ko ruwan teku ne ya wanke shi a hanya. Ta huɗu gajera ce. Ya ce sau uku yana juya takarda gaba da baya bai ga komai ba, ya gane, ba ya riƙe ta da laifi, shekara uku ba wasa ba ce ga budurwa. Ya ce kafaran ɗinsu, wato kofur, yana neman masu zarcewa, shi kuma ba abin da zai koma ya tarar, gobe zai danna nasa yatsan a takardar Nasara.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta tattara takardun, ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta nufi zaure, ina biye da ita. Malam yana zaune a buzunsa da baƙi biyu. Macen gidanmu ba ta taɓa shiga zaure da baƙi a ciki ba, ranar ta shiga.

"Yaya, me aka rubuta a ƙasan layi?"

Ya ɗaga kai yana ƙyafta ido. Ka san abin da ya fara fitowa daga bakinsa?

"Wa ya buɗe laya?"

"Ba laya ba ce, kai ma ka sani. Na ce me aka rubuta a ƙasan layi?"

Baƙin suka sulale. Malam ya ja tasbaha ya ce, "Ke ma ki duba. Yaya zan karanta irin wannan magana a gaban Baba? Yaya zan dubi ƙanwata ciki ɗaya in faɗa mata zancen saurayi? Ai da kunya."

"Ka ji kunya," in ji Gwaggo. "To madalla, ka kyauta wa kanka. Ni kuma na yi shekara talatin ina yi wa mamaci Allah ya isa."

Ta juya ta fita. Ban taɓa jin sun sake maganar ba.

Yanzu ga abin da ke tafasa mini zuciya har yau. Wa kake zaton aka ga laifinsa a gidan nan? Ni. Uwata ta ja kunnena har ya yi zafi, wai na cika rawar kai, yarinya ba ta karanta abin da ba a sa ta ba. Matan gida suna ta cewa ai Malam tun yana yaro mutum ne mai kunya, haka aka san shi, abin yabo ne. Babana ya ce abin da ya wuce ya wuce, ƙaddara ce, kwanan mutumin ne ya ƙare. Ni ban musa ƙaddara ba. Amma ƙaddara ba ta hana mutum ya kira uwarsa gefe ya ce ga abin da aka rubuto. Gidan cike yake da tsofaffin mata waɗanda aikinsu ke nan, kai maganar da ba ta faɗuwa ido da ido. Ko yarinya ƙarama da ya aika da takarda da ƙwaryar lalle, da an gama. Bai yi ba, sau huɗu bai yi ba, kuma ya zauna gida ɗaya da ita shekara talatin yana jin tana tsine wa abokinsa, yana kallon layar a damtsenta, bai ce uffan ba. Na so kakana, har yau ina yi masa addu'a. Amma ba zan kira wannan kunya ba. Ya tsare fuskarsa ne, aka biya da rayuwar mutum biyu.

Washegari da safe Gwaggo ta kwaɓa lalle, ba na amarya ba, ɗan kaɗan a murfin kwano. Ta bar shi ya tsumu har ya yi ja sosai. Ta kira ni ta ce in nuna mata wasiƙa ta huɗu, in nuna mata daidai inda ya ce ya juya takarda bai ga komai ba. Na ɗora yatsana a wurin. Ta tsoma babban yatsanta, ta danna a gefe, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Daga ranar ban sake jin ta zagi soja ba. In kamyo ya wuce sai ta bi shi da ido har ya sha kwana. Ba ta mayar da takardun cikin fata ba, ta ba ni ta ce in riƙa karanta mata duk Jumma'a, na ƙasan layi kawai. Haka muka yi shekara shida har ta rasu.

Yau gidanmu na Birni rabinsa ya rushe, bulo ya maye gurbin ƙasa, ba mai taruwa a zaure don jin wasiƙa. 'Yar ƙanena an sa mata rana da wani soja da aka tura can gabas wajen iyaka, inda ake ta fama. In ya samu dama yakan turo mata saƙon murya ta wayar salula. Kwanakin baya ina gidansu saƙon ya shigo, yarinyar ta ruga ɗaki, ubanta ya ɓata fuska ya ce zamani ya lalace, yara ba su da kunya, zai karɓe wayar har a ɗaura aure. Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce masa in ya taɓa wayar nan, kada ya sake kirana yaya.

Na bi yarinyar ɗaki na tarar tana juya wayar a hannu, wai sai an jima za ta amsa, kada ya ga kamar ta ƙosa. Na ce ta amsa yanzu, ni zan tsaya a bakin ƙofa. Da na dawo gida na buɗe akwati na ciro wasiƙa ta huɗu. Tawadar ta dushe, sai na kai ta kusa da ido nake ganin haruffan. Yatsan Gwaggo kuwa yana nan a gefe, ja wur, ko daga bakin ƙofa mutum ya tsaya zai gan shi.