Rigar Zaren Abarba

A ƙofar kotun Vigan, a ƙasar Filifin, wani tsoho yana tsaye cikin rigar gargajiya ta zaren abarba da ta sha wanki. Yadda yake riƙe sandarsa, ina jin ya saba magana kowa ya yi tsit. Sabon mai gadi ya tare shi.

"Baba, tun zuwan Amurkawa sai da kwat ake shiga. Kasuwa tana baya."

"Madalla. Kwat ce ke shari'a yanzu?"

Sai ga alƙali a guje, ya ɗora hannun tsohon a goshinsa, gaisuwar girmamawa.

"Sanata Eulogio! Ai kujerarka nake ɗumama maka."

Tsohon yana shiga a hankali. Mai gadi, cikin kwat sabuwa ful, yana riƙe masa ƙofa.