Ranar da Aka Sare Furannin Malam

Maigidana malamin Islamiyya ne, mutumin Kaikai ta ƙasar Kusada, kuma tun da na san shi yake son shuke-shuken da ba a ci. A garinsu dariya ake yi masa, ana cewa ga gero ga wake mutum ya tsaya ba fure ruwa. Da muka tare a gidan da ya gina a bayan garin Kankia, ko daɓen tsakar gida ba a gama ba ya fara maganar wata 'yar siririyar ƙasa da ke jikin katangarmu ta waje, daga ƙofar zaure zuwa kwana. Ya ce nan zai yi lambunsa.

Da damina ta kankama sai ya ce in shirya in raka shi wurin masu sayar da dashe a bakin hanyar Kano. Ban taɓa ganin furanni da yawa haka wuri ɗaya ba. Mai lambun ya riƙa zagayawa da mu yana nuni. Ya fara da kariya, mai kauri a gindi da fure ja da fari.

"Wannan ba ta son wahala, Malam," in ji shi. "Ko ka manta da ita ba ta mutuwa."

Malam ya girgiza kai. "Na san ta tun ina yaro. Ruwanta dafi ne. Unguwarmu akwai dabbobi."

Haka ya ƙi wata mai fure ruwan ɗorawa mai kama da ƙararrawa, da ya ji cewa 'ya'yanta na kashe akuya. Ni na so mai ƙaya ɗin nan da ke hawa katanga, wadda furenta yake kamar takarda, ya ce to, a sa guda saboda ni. Sai can ƙarshen layi ya ja ya tsaya. Wasu 'yan itatuwa ne masu ganye kamar na lalle, furensu curi-curi a kan reshe, kowane a yamutse kamar bakin mayafin da aka tattare. Mai lambun ya faɗi sunansu na Turanci, ban riƙe ba. Ya ce danginsu ɗaya da lalle, shi ya sa har yau 'yar'uwar lalle muke ce mata.

Iri-iri ce. Akwai doguwa da ke wuce katanga, in ta girma ɓawonta ya riƙa saɓulewa ya bar jikinta sumul. Akwai gajeriya da ba ta wuce ƙugun mutum. Akwai ja wur, akwai ruwan hoda, da fara, da mai duhu kamar makuba. Malam ya tsuguna yana juya ganye yana tambaya: wacce ta fi jure rana, wacce saiwarta ba ta fasa gini, da rani sau nawa ake ba ta ruwa. Ya maimaita tambayar dafi har mai lambun ya tsinki ganye ya tauna a gabansa. Daga ƙarshe ya ɗauki gajeru masu ruwan hoda don gaba, dogaye jajaye don jikin katanga, da fara ɗaya tilo da ya ce ta bakin zaure ce. Muka dawo da su a bayan mota, shi yana ta waiwaye kada iska ta karya su.

Maƙwabcinmu na gabas mai kiwon raguna ne, ƙaƙƙarfan mutum mai jan ido, ya girmi Malam kaɗan. Zuciya gare shi, kowa a layin ya sani. Na taɓa leƙowa na ga yana dukan jakinsa da ƙotar fartanya don ya ƙi tashi da kaya, yana duka yana zagi, har jini ya fito ta hancin jakin. Matarsa kuwa mutuniyar kirki ce, muna aron gishiri da rariya ta kan katanga, kuma ba sau ɗaya ba na ga idonta a kumbure ta ce mini ƙofa ce ta buge ta. Abin da yake so a duniya shi ne wani farin rago da yake turkawa, mai ƙaho a murɗe. Da hannunsa yake dama masa dusa, yana wanke shi da sabulu, yana yi masa magana kamar mutum.

Malam ya dasa itatuwansa, ya kewaye su da ƙayar magarya. Suka kama. A damina ta biyu suka yi fure, masu wucewa na tsayawa kallo. A lokacin ne ragon ya koyi tsinke igiya. Ya sa ƙaho ya ture ƙayar, ya cinye kan gajerun nan tas. Malam ya kama shi a hankali ya kai wa mai shi.

Ina daga cikin zaure ina jinsu.

"Ragonka ne ya shiga mini, don Allah a ƙara masa igiya."

"Wa ya ce ka taɓa mini rago?"

"Kawo maka shi na yi."

"Mi ka shuka da za a ce an yi maka ɓarna? Hatsi ne? Ka tare hanya da ciyawar banza!"

Sai na ji wani tim. Na leƙa, na ga Malam a zaune a ƙasa, hularsa can gefe. Hankaɗe shi ya yi da hannu biyu a ƙirji. Bai tsaya nan ba, ya zo ya sa ƙafa ya yi fatali da tulun da Malam ke ban ruwa da shi, ya tarwatse a jikin katanga. Malam ya tashi ya kaɗe rigarsa ya shigo. Na ce ya kai ƙara wurin mai unguwa. Ya ce mutumin da za ku haɗu a sahu da asuba ba a kai shi ƙara a kan tulu. Ya sayo waya ya ƙara a kan ƙayar. Duk da haka ragon ya kan zura kai ya tsinki abin da bakinsa ya kai.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ana sauran kwanaki babbar salla. Ina tsakar gida ina surfe. Malam ba ya makaranta ranar, yana waje yana gyaran rassa da almakashi. Ashe ragon ya kwana da kumburin ciki, ya wayi gari ba ya iya tsayuwa, har aka kira mahauci ya yanka shi kafin ya zama mushe. Ashe kuma maƙwabcin ya ga guntun fure ruwan hoda a turken. Duk wannan daga baya na ji. Abin da na fara ji shi ne ihunsa.

"Ka kashe mini rago! Wallahi ka kashe shi! Guba ka shuka mini!"

Na fito da gudu, taɓarya a hannuna, ban ma san ban ajiye ta ba. Na tarar ya tsallake wayar yana cikin lambun da adda. Sara yake ta ko'ina, fure na tashi sama. Dogayen nan ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, sara guda sai ka ga itace ya kwanta. Wadda ba ta faɗi ba ya taka ta da ƙafa ya karya. Bakinsa har kumfa yake.

Malam yana biye da shi yana cewa, "Tsaya ka ji. Don girman Allah tsaya. Babu dafi a cikinsu, na tambaya."

Mutumin ya juyo ya kai masa gwiwar hannu a baki. Na ga jini a gemun Malam. Na ƙwala ihu ina kiran jama'a.

Saura farar ta bakin zaure. Da ya nufo ta Malam ya riga shi, ya sha gabanta, ya kama reshenta da hannun dama kamar mai kare yaro daga mota. Ban sani ba ko mutumin ya ga hannun. Na sha tambayar kaina. Addar ta sauka, na ji wani sauti kamar an sari ɗanyen rake. Malam bai yi ƙara ba. Ya durƙusa kawai, ya riƙe hannun da ɗaya hannun, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa har kan katanga.

Mutumin ya sake ɗaga addar. Ko itacen zai ƙarasa, ko Malam, ban tsaya ganewa ba. Na ɗaga taɓaryar da hannu biyu na sauke masa a kafaɗa da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Addar ta faɗi, shi ma ya faɗi a kan wayar yana wani irin gurnani. Na sake ɗagawa, sai na ji an riƙe taɓaryar ta baya. Matarsa ce, ba ko mayafi.

"Ki yi wa Allah, Yaya," take cewa. "Ki yi wa Allah."

Kafin in saki, layin ya cika. Matasan unguwa da suka ga malaminsu cikin jini ba su tambayi komai ba. Suka ja mutumin ta ƙafa zuwa tsakiyar hanya suka rufe shi. Wani da gora, wani da bulo, wani da reshen da shi kansa ya sare. Ina jin duka na sauka kamar ana bugun dawa. Ya kare kansa da hannu ɗaya, ɗayan yana reto. Suka fasa masa goshi, suka cire masa haƙori. Matarsa ta faɗa kansa, ita ma ta sami rabonta a baya. Wani ya ce a kawo fetur.

Malam ne ya miƙe. Na naɗe masa hannun da ɗankwalina, ya riga ya jiƙe sharkaf. Ya tako yana tangaɗi ya kutsa tsakiyarsu ya tsaya a kan mutumin.

"Duk wanda ya ƙara taɓa shi ban yafe ba," ya ce. Muryarsa ba ta fita sosai, amma sun ji. "Jinina ne ko naku? Ku koma baya."

Suka ja baya suna huci. Sai ga mahaucin ya fito daga gidan mutumin da kwano a hannu, wuƙarsa a ɗaya hannun, bai ma san iyakar abin da ya faru ba. Ya buɗe tumbin ragon ya ga abin da ya toshe shi. Ya juye kwanon a ƙasa gaban kowa: ledojin ruwa da na burodi a cure kamar ƙwallo, da guntun igiyar buhu. Mutumin yana kwance, ido ɗaya ya rufe da jini, ya dubi abin da ɗaya idon. Malam kuma a nan ya yanke jiki ya faɗi.

Mota ɗaya ta kai su asibiti, Malam a gaba, mutumin a baya, ni da matarsa a tsakiya ba mai kallon wani. An yi wa Malam ɗinki, an ƙara masa jini. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba a iya ceto su ba, na tsakiya kuma ya sandare har yau.

Washegari ƙannen Malam suka iso daga Kaikai a kan babura, da gatari da sanduna a ɗaure, sun rantse sai sun ƙone gidan maƙwabcin. Na tare su a ƙofa na ce ba kowa ciki sai mace. Ƙaraminsu ya ture ni ya doki ƙofar gidan da gatari har ta tsage. Sai da mahaifinsu ya biyo su a mota, tsoho da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofar ya ce wanda zai shiga ya fara da shi, sannan suka sauke. 'Yan sanda sun zo sun yi rubuce-rubucensu. Malam ya ce ba zai kai ƙara ba, aka mayar da maganar gaban manya aka yi sulhu. Mutumin bai ɗago kai ba har aka tashi. Ni kuwa da aka ce in ba shi haƙurin kafaɗarsa, na ce a bar ni tukuna. Ba wanda ya matsa.

Bayan salla suka sayar da gidan suka koma Mawashi, wurin danginsa. Matar ta shigo sallama da sassafe, muka rungume juna muka yi kuka, ba wadda ta ambaci ranar. Malam ya daɗe yana koyon riƙe alƙalami da yatsa biyu. Rubutun allonsa da ake yabo ya koma karkatacce, ya kan yi layi ɗaya ya wanke ya sake. Ban taɓa jin ya zagi mutumin ba. Ni na zage shi, sau da yawa, musamman in ina yanka wa Malam nama a kwano don ba ya iya yaga.

Bara na shiga motar Kusada zan je gaisuwar rasuwa. Muna cikin tafiya na lura da wani dattijo a kujerar gabana, kafaɗarsa ɗaya ta zube ƙasa, ya rame, gemu ya yi fari. Sai da ya juyo zai tofar da yawu ta taga muka haɗa ido. Tsohon maƙwabcinmu ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ina wuni."

"Lafiya lau."

"Ya Malam? Ya hannun?"

"Da sauƙi," na ce. "Ya mai ɗakinka?"

"Ta rasu. Damina biyu ke nan."

Na yi salati, na yi mata addu'a a fili, ya amsa da amin. A wata mararraba ya buga jikin mota ya ce a sauke shi. Yana da buhun dusa a but ɗin motar, ya kasa ɗaga shi da hannu ɗaya, sai da direban ya fito ya ɗora masa a ka. Da na koma gida na ba Malam labari. Ya tambaye ni ko na san inda gidansu yake a Mawashi, don ya kamata a je ta'aziyya. Na ce ban sani ba, amma ba zai yi wuyar tambaya ba. Ranar Juma'a ya tafi shi kaɗai, ni ban bi shi ba.