Daminar bokiti ta Yaya Garba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Garba, Allah ya jiƙansa da rahama. Na so in rubuta masa yabo zalla, yadda aka saba yi wa mamata. To amma na zauna rubutun ne da dawowata daga aiki, bayan na wuni ina jan gadon mai naƙuda daga wannan kusurwa zuwa waccan saboda yoyo. Idan kun ji ɗaci a bakina, ku yi mini uzuri.

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Goronyo. Yaya Garba shi ne mai gyaran ginin asibitin, shekara ashirin da ɗoriya. A takarda matsayinsa na tsakiya ne, ya fi lebura, bai kai injiniya ba. A aikace kuwa duk abin da ya lalace nasa ne. Famfo ya ƙi ruwa, a kira Garba. Sakata ta maƙale, gara ta ci katakon taga, jemagu sun tare a silin, masai ya toshe, duk dai Garba. Takardarsa ɗaya ce, ta firamare. Sauran iliminsa ya samo shi ne a bin wani magini a Wurno, da wani mai aikin famfo a Rabah.

Yana da wata al'ada da har yau ake ba da labarinta. Duk bazara, kafin hadarin farko, sai ya jingina tsani ya haye rufin ɗakin haihuwa da bokiti. Ni kuma ya tsayar da ni a ciki da doguwar gora, kaina a sama. Ya yi ta kwara ruwa a kan kwanon rufin, falle bayan falle. Duk inda na ga ɗigo sai in buga silin da gorar. Ya ji bugun, ya sake ƙusa ko ya liƙe da kwalta, ya sake kwarawa. Mukan yi kwana biyu muna wannan aiki, wuyana har ya ƙage.

Dariya kam an sha yi masa ita, don ruwa da bazara ba abin wasa ba ne a wurinmu. Wani Bafulatani da ya kawo matarsa ya taɓa tambayarsa ko gero ya shuka a kan kwanon. Yaya Garba ko murmushi bai yi ba, ya ce masa, "Gwamma in gano hujin ga da bokiti, da in gano shi bisa kan jinjiri."

Bayan rasuwarsa gurbin ya daɗe babu kowa. Da aka tashi cike shi, aka liƙa sanarwa mai tsawo a ƙofar ofis. Ana neman mai difloma, mai iya rubuta rahoto, mai iya aiki da kwamfuta. Na karanta ta daga sama har ƙasa ban ga inda aka ce ya iya hawan tsani ba. Na tabbata da Yaya Garba ne ya nema, ko takardarsa ba za a karɓa ba.

Aka kawo mana Nasiru, magidanci mai ladabi, ba ni da abin cewa a kan halinsa. Aikinsa ya ce ya riƙa duba gini, yana kuwa dubawa. Ya zagaya, ya ɗauki hoto da waya, ya rubuta rahoto mai tsabta ya aika. Da yoyo ya fara na ce ya hau ya gani, sai ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa hawan rufi aikin lebura ne, umarnin taɓa kwano kuma na injiniya ne. Leburanmu ya tsufa ya ajiye aiki, injiniya yana Sakkwato. Ke nan matsayin nan na tsakiya, wanda a zamanin yayana yake nufin komai nasa ne, yanzu ya koma babu abin da yake nasa.

Wannan abu ya fi ƙarfin ɓacin rai kawai. Masu dubawa sun zo sun ga silin ya yi ciki, sun ce idan ya rufta za su rufe ɗakin. In aka rufe shi, matan Rimawa da na rugagen kewaye ba za su kama doguwar hanya da naƙuda ba, a wannan zamani da kowa ya san abin da ke kan hanyoyinmu. A gida za su haihu. Ni kuwa na san abin da zubar jini yake yi wa mace a gida, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya Garba zai ce da ya ga haka. Na san faɗa zai yi, ya zagi rahoto da mai karanta rahoto. Amma da zai tsaya ya saurare ni, da na gaya masa shi ma yana da nasa laifin. Mutum biyu aka taɓa haɗa shi da su don su koyi aiki, duka ya kore su. Ɗaya wai bai iya riƙon guduma ba, ɗaya wai ya cika tambaya. Na sha ce masa ya koya wa wani, amsarsa kullum ita ce mai ido ya gani. Ya ɗauka shi da tsaninsa za su dawwama.

Makon jiya haƙurina ya ƙare, na wanke Nasiru tas a gaban mutane. Washegari gari ya washe, sai ga shi da aron tsani da bokiti, ya ce ya ji labarin yadda marigayi yake yi. Raina ya yi fari. Na ɗauko gora na tsaya a ciki, ya kwara, na buga, ya liƙe daidai inda na buga. Ya sake kwarawa, ɗigon bai fasa ba. Haka muka yi ta yi har azahar. Ya sauko gumi sharkaf, kwano ya yanke shi a hannu, ya ce, "Inna, ruwan ga ba inda yaka ɗiga yaka shiga ba, katako yaka bi ya gangaro. Marigayi ta ina yaka hwara dubawa?"

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ni daga ciki kawai na sani. Shekara ashirin ina tsaye a ƙasa, ban taɓa tambayar abin da yake yi a sama ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba.

Idan na auna abin da ya bari, ba kaɗan ba ne. Rufin da ya ɗaure ya yi damina biyar bayansa bai ɗiga ba, kuma yaran da aka haifa a ƙarƙashinsa wasu har sun yi aure. Amma sanin da ke kansa ya tafi da shi kabari, mu kuma ga silin nan a kanmu, damina ko rabi ba ta yi ba. Allah ya gafarta maka, Yaya Garba, ya haskaka makwancinka. Ni dai har yau ban gama fushi da kai ba.