Ƙwallon Dabinon da Ya Rage a Kwanon Babana

A lokacin da abin nan ya faru ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Arlit, shekaruna ashirin da bakwai, mai ji da kanta don ta iya Faransanci, mai ganin duk gidanmu ba wanda ya kai ta sanin daidai. Iyayena mutanen Damagaram ne, aikin ma'adinai ya kawo babana nan tun kafin a haife ni. Ko mijina bai san labarin nan duka ba, amma abin ya ishe ni a zuciya, shi ya sa na ɗauki alƙalami na rubuto muku.

Shekara ashirin da ɗoriya Baba ya yi yana tsaron allon jeto a bakin rami. Duk ma'aikacin da zai sauka ƙarƙashin ƙasa sai ya karɓi fitila, ya rataya jetonsa, wato ƴar ƙarfe mai lambarsa, a allon, in ya fito ya cire abarsa. Baba ba ya tashi daga aiki sai allon ya zama wayam. Sau ɗaya tak ya koma gida ya bar jeto a rataye, kuma na ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ƙasa ta rufta da shi aka kasa fito da shi. Bai taɓa yi mana zancen ba, daga bakin Inna muka ji. Da ya ajiye aiki sai tari ya kama shi, ido kuma ya yi rauni, ya zama ba shi da wurin zuwa sai tabarmarsa a inuwar ɗaki.

Akwai wani littafin Faransanci da na tsinta a kasuwa, wurin mai sayar da tarkacen da Turawa suka bari. Ba bango, kaurinsa kamar bulo, shafi ɗari tara da wani abu. Labarin wani gari ne da ke zaune a kan rijiya mai hawa bakwai, inda matattu ke ci gaba da haƙa ba su san sun mutu ba, da wasu halittu marasa fuska masu satar sunan mutum har ya manta ko shi wane ne. Mutum goma sha ɗaya suka sauka, jagoransu wani maƙeri mai neman ɗan'uwansa. Kai, littafin nan ya ba ni wuya! Jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, ga kalmomin da marubucin ya ƙirƙira da ko ƙamus bai san su ba. Sau biyu ina jefar da shi. Wata rana bayan la'asar Baba ya ji ina tsaki, ya tambaye ni abin da takarda ta yi mini. Na ba shi labarin a taƙaice don ya yi dariya. Bai yi dariya ba. Ya gyara zama ya ce in koma farko, in riƙa juya masa da Hausa.

Haka muka shiga. Kullum in na taso daga lakwal, Inna ta ɗora shayi, ni kuma in buɗe littafi, ba ma tsayawa sai an sha shayi zagaye na uku. Baba ya sa aka kawo masa kwano biyu da ƙwallayen dabino goma sha ɗaya. Ya zuba su a kwano ɗaya, ya ce waɗannan su ne na ƙasa. Duk wanda ya fito, ko a raye ko gawarsa aka ɗauko, sai ya ɗauki ƙwallo ya jefa a ɗayan kwanon, ka ji ƙwal! In na yi ƙoƙarin tsallake wuri mai wuya sai ya kama ni, ya ce malama ana satar hanya, ai ɗazu mutanen suna hawa na uku. Da aka zo inda aka kwatanta yadda dutse ke ƙara kafin ya faɗo, sai ya ce wanda ya rubuta wannan ya taɓa shiga rami, ko kuwa ubansa ya shiga. Wata takwas muna abu ɗaya. Ni da na tashi ina tsoron mutumin nan, a watannin nan na san shi.

Saura ƙwallo ɗaya a kwanon, na maƙerin, sai shaiɗan ya zuga ni na leƙa gaba ni kaɗai. Na karanta babin da ke kusa da na ƙarshe, inda hanya ta rufta a bayansa, fitilarsa ta mutu, halittun suka cinye sunansa. Na rufe littafin ban ƙarasa ba, na ce wallahi ba zan karanta wa mutumin da ya bar ƙanensa a ƙasa wannan ba. Sai na shiga kame-kame. Yau in ce ina da gyaran kayen yara, wato littattafan aikinsu, gobe in ce kaina ke ciwo, jibi in karanta shafi ɗaya in yi ta jan sa. Baba ya gane. Wata rana ya ce mini a hankali, shi fa bai saba tashi ya bar mutum a ƙasa ba, in daure mu fito da bawan Allah nan. Na yi dariya na ce ai littafi ba ya gudu. Inna ma ta ja ni gefe ta ce in ƙarasa masa, numfashinsa ba kamar da ba. Na ce mata ni na san abin da ke ciki, ita ba ta sani ba. Kwana tara bayan nan, da hantsi, ina cikin aji aka zo kirana. Saura shafi arba'in.

Bayan an yi sadakar bakwai ta rasuwarsa Inna na kwashe kayansa ta miƙo mini kwanon, ƙwallon na ciki. Na kai shi ɗakina na kife. Amma duk la'asar, daidai lokacin shayi, sai in ji ƙwal a kunnena, in waiwaya ba kowa. Na yi addu'o'i, na ba da sadaka, na daina zama a gida da yamma, ƙarar nan ba ta bar ni ba. Sai bayan shekara na iya buɗe littafin. Jama'a, ashe babin ƙarshe ba na maƙerin ba ne, na wani tsoho ne mai gadin bakin rijiya, wanda aka ambata a farko muka manta da shi. Kowa ya watse, shi ya ƙi tashi. Ya zauna yana kiran sunan maƙerin da na ɗan'uwansa cikin ramin, kullum, har sunayen suka isa ƙasa, matattun suka tuna ko su wane ne, suka ajiye diga suka huta. Marubucin ya ce wanda ake kiran sunansa a sama ba a bar shi a ƙasa ba. Maganar da Baba ya yi shekaru yana jira ke nan, tana hannuna, na hana shi ita da sunan tausayi.

Ranar na shimfiɗa tabarmarsa, na karanta shafi arba'in ɗin da Hausa, da ƙarfi, Inna na zaune tana kuka. Na ɗauki ƙwallon na jefa a ɗayan kwanon. Ƙarar ta ragu, amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu takan dawo. Abin da na koya shi ne, dogon labari ba a yanke masa hukunci a babin da ya fi duhu, kuma tsoho ya fi ka sanin abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Ƴan'uwa, in kuna da wani abu da kuka fara da iyayenku, karatu ne, hira ce, ko tambaya, ku ƙarasa shi yau. Ni na ce littafi ba ya gudu, kuma gaskiya ne, yana nan a kan tebur ɗina. Mai sauraron ne ya tafi.