Shinkafar Gidan Gwadabe

Muntaka ɗan Gumel ya zo Jidda Umara a 1981, ya ga aiki, ya mance da hanyar gida. Dako yake yi a wani sito a unguwar masana'antu, ɗakinsa a Waziriyya, ba mata, ba iƙama, wato takardar zama. Duk danginsa a ƙasar nan faranti ɗaya ne: kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, 'yan gida kan taru wajen Kawu Gwadabe tela, matarsa Zubaidatu mai sayar da abinci ta fito musu da shinkafa da kaza. Ranar kaɗai Muntaka ke cin abinci da mutane, ranar kaɗai yake ci har ya kasa numfashi.

Sai ciwo ya same shi. Yakan wayi gari ran Asabar ƙafa ta ƙi, hannu ya ƙi, ga ido biyu, ga baki yana magana. Kafin la'asar ya miƙe garau. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Wani likita Basudane, Abdulghani, wanda ba ya tambayar takarda, yana bincike a kan irin wannan cuta. Wata Asabar aka kai masa Muntaka ranga-ranga. Ya ɗebi jini, ya soka masa siririyar allura mai waya a cinya, ya ce ya motsa. Na'urar ta yi tsit.

"Jijiya kan aiko wa tsoka saƙo kamar wutar lantarki, ita kuma ta ja," in ji likita. "Kai kuwa, in ka gaji, ka cika ciki da shinkafa ka kwanta, wani gishiri na raguwa a jininka, sai tsokar ta ƙi amsa wutar. Ga magani, amma maganin gaske shi ne ka rage ci."

Murna ta kama Muntaka, ashe ba iska ba ce. Da ma shi ba ya iya riƙe magana. Juma'a na zuwa, ana ajiye faranti, ya zayyana wa jama'a komai, har da gishirin da wutar.

Kawu Gwadabe ya cire hannunsa daga abinci.

"Duk shinkafar Jidda, ta matata ce kaɗai ke shanye ƙafa? Halas, shi ke nan. Tashi ka je inda ba za a zuba maka kome ba."

Wa zai yarda da gishiri? Kafin mako ya zagayo, magana ta kai har unguwar Kurayyat cewa Zubaidatu na barbaɗa wani abu a tukunya. Masu sayen abincinta suka janye. Matar da ta ciyar da rabin unguwa ta koma ba ta zuwa biki don kunya. Muntaka ya je ban haƙuri, ba a buɗe masa ba. Ya bi mutane yana rantsuwa, rantsuwar ta ƙara wa zancen ƙarfi.

Haka shekaru suka tafi. Ciwon ya lafa, jiki ya yi kyau, furfura ta fito. Ran Juma'a sai ya soya ƙwai, ya ci a tsaye. Kewa ta dame shi, amma abin da ya fi cin ransa shi ne sunan baiwar Allahn nan da ya ɓata da bakinsa.

A 2009 Gwadabe ya rasu. Muntaka ya je gaisuwa ba wanda ya kira shi. Aka fito da farantan shinkafa, idanu suka yo kansa. Ya san abin da zai biyo baya. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ci, ya ci, har ya suɗe yatsu.

Daga bayan labule muryar Zubaidatu ta fito: "A ƙara wa Muntaka."

Aka ƙara, ya cinye.

Da ya koma ɗaki ya ajiye ruwa kusa da kai, ya kulle ƙofa ta ciki don kada kowa ya gan shi. Gari ya waye masa yadda ya zata, ko kofin ma bai iya ɗagawa ba. Wajen azahar aka ƙwanƙwasa. Jabiru ne, babban ɗan marigayin.

"Ammi Muntaka, Umma ta ce ga abinci. Ta ce kef halak, yaya ka tashi?"

Muntaka ya dubi ƙafafunsa a miƙe kamar itace. Ya gyara murya.

"Ajiye a bakin ƙofa, ɗana, hannuna da aiki. Ka ce mata lafiya lau na tashi. Ka faɗa a gaban mutane."