Inna Ƙamus, Mai Sharar Ɗakin Mata

Shekara ashirin da shida ta yi tana shara da goge-goge a ɗakin kwanciyar mata na wani asibiti, kuma da wuya ka sami wanda ya riƙe sunanta na yanka. Inna Ƙamus kowa ke ce mata, daga likitoci har masu gadi.

Karatunta bai wuce aji shida na firamare ba. Ciwon mahaifiyarta ne ya haɗa ta da dogayen kalmomin Turanci. Tana sabuwar ɗauka aka kwantar da tsohuwar a gado na huɗu, likita ya duba ta, ya ce wa nas "hypertension", ya wuce. Kalmar ta tsaya wa mai sharar a ƙirji. A tunaninta, cutar da sunanta ya kai wannan tsawo ba ta barin mutum da rai. Kwana uku tana goge ƙasa hawaye na ɗiga cikin bokiti, har wata nas ta ja ta gefe ta tambaye ta.

"Wannan ne kike wa kuka? Ai hawan jini ne," in ji nas ɗin. "Ki rage mata gishiri, ta riƙa shan magani."

Ta ji sanyi a ranta, daga baya kuma haushi ya kama ta. Kwana uku na kuka a kan abin da maƙwabciyarsu ke yawo da shi shekara goma! Ranar ta sayi littafin rubutu da fensir, ta soka su a aljihun rigar aiki.

Tun daga nan, duk doguwar kalmar da ta faɗo daga bakin likita sai ta rubuta ta yadda kunnenta ya ji. In an tashi hutun rana ta je tagar ɗakin magani, inda wani dattijo mai haƙuri ke aiki. Shi ya nuna mata cewa kalmomin nan haɗe-haɗe ne.

"Kamar rake suke, 'yar'uwa," ya ce. "Kada ki cusa shi baki gaba ɗaya. Sare shi gaɓa-gaɓa. Dubi wannan kalmar: gaɓar farko ciki take nufi, ta biyu hanji, ta ƙarshen kumburi."

A gida mijinta, mai gyaran agogo, ya sha ƙwaƙwa. Tana wanke-wanke tana maimaita kalmomi, shi kuwa yana sunkuye kan tebur da gilashinsa a ido.

"Likita," yakan ce, "yau wace cuta za mu ci da rana?"

"Malam, ka ci gaba da tsokanata. Ranar da aka rubuta maka taka, ni za ka nema."

Aikinta na gaske a barandar ɗakin mata yake, inda masu jinya ke zaune da takardu a hannu, fuska a murtuke. Wata safiya ta tarar da wani magidanci ya haɗa kai da gwiwa, ƙannen matarsa biyu na sharar hawaye. Ta jingine tsintsiya, ta goge hannu, ta ce, "Ɗana, mu ga takardar."

Ta bi kalmar da yatsa, a hankali: gastroenteritis.

"Amai da gudawa take yi, ko?"

"Su ne, Inna."

"To sunansu ke nan, ado kawai aka yi musu. Ƙarin ruwa za a yi mata. Ku tashi ku wanke fuska kada ta farka ta gan ku haka."

Sau ɗaya ta yi tuntuɓe, kuma ba ta taɓa ɓoye labarin ba. Wata mata ta nuna mata takardar 'yarta, an rubuta hypoglycaemia. Inna ta ce sukari ne ya hau, kada a ba ta kome mai zaƙi. Ashe sauka ya yi. Allah ya sa nas ta lura da wuri, ta ga uwar ta ture kofin shayin da aka kawo, ta tambayi dalili. Shugabar nas-nas ta kira Inna ofis ta wanke ta tas, ta ce tsintsiya aka ɗauke ta riƙewa, ba fensir ba.

Inna ba ta musa ba. Ta fito ta durƙusa gaban uwar yarinyar ta ce, "Ni na ɓatar da ke, ki yafe mini." Sannan ta ɗaure littattafanta bakwai da igiya ta tura ƙarƙashin gado. Wata guda ana miƙo mata takarda tana cewa idonta ba ya gani.

Wata matashiyar likita ce ta lura barandar ta koma shiru. Da ta ji dalili, ta ce a kawo mata littattafan. Mako biyu ta yi tana binsu da jan biro, ta gyara kalma goma sha ɗaya cikin ɗari huɗu da wani abu.

"Inna, wasu ɗalibanmu ba su kai ki ba," ta ce. "Ki ci gaba. Amma ma'ana kawai za ki faɗa. Abin da za a ci da wanda za a bari, ki kawo su wurina."

Haka ta yi har ta bar aiki. In ta gama bayani sai ta kama hannun mai jinya ta kai shi ƙofar likita, ta ce, "Ga shi, ya san sunan abin, saura ki gaya masa yadda za a yi."

Ranar sallama likitar ta ba ta ƙamus na likitanci, mai nauyi kamar bulo. Da ta buɗe a gida sai ta ga rubutun ya fi ƙarfin idonta, ƙanana kamar tururuwa. Mijinta ya jawo aljihun tebur ya ɗauko tsohon gilashinsa na gyaran agogo, ya goge da bakin riga, ya nuna mata yadda ake maƙala shi.

Yanzu da hantsi za ka same su a inuwar ƙofar gida, kowa da gilashi a ido ɗaya, shi kan agogo, ita kan shafi. Maƙwabta na zuwa da takardun asibiti a naɗe cikin leda. Tana kan harafi na biyar na ƙamus ɗin, kuma ta ce ba ta sauri.