Baba Maigandi da Kwanon da Ya Faɗo Daga Sama

Idan ka ga wani dattijo yana tafe a lungunan garinmu bayan sallar asuba, kansa a sama, har yana tuntuɓe da turken awaki, to Baba Maigandi kafinta ne. Rufin mutane yake dubawa. Daga masallaci ba ya wucewa gida kai tsaye. Sai ya zaga ta bayan kasuwa, ya bi ta unguwar masu albasa, ya ɓullo ta bakin rijiya, yana lura da kwanon da ya ɗaga baki da ƙusar da ta fara fitowa. In ya ga abin da bai yi masa ba, sai ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama.

"Maigida, kwanon kusurwar gabas shina motsi. Kada ka bari hadari ya ishe shi haka."

"To Baba, gobe in Allah ya so."

"Goben ga taka ta kai shekara."

Kafin hantsi sai ka gan shi ya dawo da tsani a kafaɗa, guduma a ƙugu, ƙusoshi a baki.

Haka ya yi sama da shekara arba'in a wannan ɗan gari namu da ke tsakanin Dinawa da hanyar Goronyo. Bana gwiwa ta ƙi, ya jingine tsanin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da mutane suka gani da idonsu, tun yana raye, ko wani zai karanta masa.

Baba Maigandi yana da wata al'ada da ban taɓa jin wani kafinta yana yi ba. Duk kwanon da zai buga, sai ya kife shi tukuna, ya sa tsinin ƙusa ya zana alamar mai gidan a cikinsa. Mai saida gishiri zane uku ne a tsaye. Liman allo ne. Mahauci wuƙa. Bai rubuta su ko'ina ba, suna kansa. Dalili kuwa, tun yana saurayi aka yi wata iska da ta kwashe rufin rabin gari ta zube a fadama, maƙwabta suka yi ta rigima a kan wane kwano ne na wa, har wasu suka daina gaisawa. Tun daga ranar, in iska ta yi ɓarna, shi ne mai bin gonaki da amalanken jaki yana tsinto kwano, yana juya kowanne, yana kai wa mai shi har ƙofar gida.

Ba kowa ke iya wannan ba. A wurinmu abin da guguwa ta ɗauka ta yar, ba a taɓa shi a ranar. Tsofaffi sun ce ba ita kaɗai take tafiya ba, akwai masu tafiya a cikinta, kuma abin da suka riƙa da hannunsu sai ya kwana ya huce. Malamai sun yi wa'azi sun gaji. Har yau in ƙaramar guguwa ta ratsa kasuwa ta ɗauke wa mutum hula, zai tsaya yana kallon hularsa a ƙasa, ya yi a'uziyya, ya tafi gida da kai a buɗe.

To bara waccan, farkon damina, wata Talata, muka ga guguwar da ba mu taɓa ganin irinta ba.

Tun safe iska ta tsaya cak. Ko ganyen dogonyaro ba ya motsi. Bayan azahar kaji suka shige akurki da kansu kamar magariba ta yi. Sama ta yi wani launi, ba baƙi ba, ba ja ba, irin tsanwan da ke kwanciya a kan kududdufi. Kunnuwan mutane suka toshe. Mace tana magana da maƙwabciyarta ta kan katanga, sai ta ji muryarta kamar daga cikin rijiya. Can ta wajen madatsar ruwa, hadari ya sako wani abu kamar igiya, baƙi ƙirin, mai kauri a sama, siriri a ƙasa. Ya taɓa ƙasa. Ya fara tafiya a hankali, yana karkata nan, yana karkata can, kamar baƙon da ke neman wani gida. Ƙararsa kamar tireloli da yawa sun taso a jere, amma ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Ladan ya hau ya yi kiran salla ba lokacin salla ba.

Ba ta shigo gari ba. Ta zo daf da maƙabarta ta tsaya, ta daɗe a wuri ɗaya tana juyi, sannan ta tattare ƙafarta ta koma sama.

Sai abubuwa suka fara faɗowa. Ciyawa, tsumma, murfin tukunya. Ƙananan kifaye suka zubo a kan kunyoyi suna ta mutsu-mutsu, alhali tsakaninmu da gulbi tafiya ce mai nisa. Daga ƙarshe wani fallen kwano ya sauko yana juyawa a hankali, ya kafe a tsaye da bakinsa a tsakiyar gonar wani manomi, Mu'azu. Waɗanda suka je sun ce ya daɗe yana amo shi kaɗai, ba mai taɓa shi.

Mutane suka yi masa da'ira daga nesa. Baba Maigandi ya iso yana haki, ya ratsa su.

"Baba, kada ka taɓa!" in ji Mu'azu. "Bari shi kwana. Ba ka ji kukan da shika yi ba?"

"Kwano na, ba maciji ba."

"Ai ba mu san wa yar riƙo shi ba."

Baba Maigandi ya yi bisimilla, ya dafa shi. Amon ya tsaya. Ya leƙa bayansa. Waɗanda ke kusa sun ce fuskarsa ta canja, ya tsuguna a nan cikin gona. Zanen ƙwarya ne, sabo, yana ƙyalli. Sau ɗaya ya taɓa yin wannan alama a rayuwarsa, a kan kwano huɗu, mako biyu da suka wuce.

Ga yadda abin yake. Akwai wata 'yar tunga ta Fulani mai gida tara a arewa da mu, da ɓarayin daji suka tasa shekara uku baya. Mutanenta suka dawo cikin gari, wurin ya zama kufai, ko makiyayi ba ya ratsawa. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Gwaggo Ma'u, da ke zaune wurin ɗanta Maccido. Zaman gari bai karɓe ta ba. Ta ce numfashinta ba ya kaiwa ƙasa. Da damina ta matso sai ta ce wa ɗanta za ta Rabah wurin ƙanwarta sai kaka, ta ɗauki ƙullinta, ta zagaya ta koma kufai, kusa da kabarin mijinta da 'yar gonarta. Rufin ɗakinta ya riga ya rufta, don haka ta zo wurin Baba Maigandi a ɓoye. Ya yi mata magiya ta ƙi. Ta ce ko ya rufa ko kada ya rufa, can za ta kwana. Ya ɗora kwano huɗu a jaki ya je ya rufa mata, ita kuma ta sa ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa ba.

Yanzu ga ɗaya daga cikin huɗun a gonar Mu'azu. Ɗanta yana ganin tana Rabah. Ƙanwarta tana ganin tana gari. Duk duniya mutum ɗaya ne ya san inda take.

Ya ɗaga kai ya hango Maccido a cikin taron.

"Maccido, zo nan. Ina Innarka?"

"Tana Rabah, Baba."

"Ba ta Rabah. Wanga kwanon ɗakinta na. Tana tunga."

Wani ya yi dariya, irin ta tsoro. "Baba, ba kowa can hwa. Ka ga abin da anka ce kada ka taɓa, ga shi ya fara taɓa ka."

"Ni nib buga shi da hannuna. Ta ce in yi shiru, na yi. Yau na karya. Wa ad da mashin?"

Masu mashin suka kau da kai. Hanyar tunga ba hanyar da ake bi ba ce ko da lafiya, balle yau da ita abar ta fito ta can. Maccido ya riga ya juya da gudu ya ɗauko nasa. Mu'azu ya tsaya yana kallon kwanon, yana kallon tsohon.

"Wallahi Baba ka ja min. Gonata tay yi baƙo, yanzu kuma ni za a kai ma waɗanda sunka aiko shi." Ya je ya tayar da mashin ɗinsa. "Hau."

Ba su yi nisa ba suka iske sawun guguwar. Mu'azu ya ce faɗinsa bai fi filin ƙwallo ba, amma a ciki ƙasa a share take tas, kamar an bi da tsintsiya. Itatuwa a tsaye ba ganye ba ɓawo, farare. Taku biyar gefe kuma, ga bukkar mai gadin gona ko tsinke bai faɗi ba. Wata ƙatuwar tsamiya ta kwanta ta tare hanya, suka ajiye mashina suka taka da ƙafa. Ba kukan tsuntsu. Ba ƙuda. Sai ƙarar takalmansu, da gwiwar Baba Maigandi da ke ƙas ƙas.

Suka shiga kufai rana ta fara yin ja. Gidaje takwas suna nan yadda aka bar su, ƙofofi a buɗe. Na tara ya zama tsibin ƙasa.

Sai suka ji shi. Ƙwal. Shiru. Ƙwal. Shiru. Ƙwal.

Mu'azu ya riƙe rigar Baba Maigandi. "Mu koma. Wanga ba mutum ba na."

"Tasa ta," in ji tsohon. "Ana bugun tasa da ludayi."

Maccido ya yi kan tsibin yana kiran Inna, Inna. Ya ga kan wani katako ya leƙo daga cikin ƙasa, ya kama zai fizge. Baba Maigandi ya daka masa tsawar da ba a taɓa jin ya yi wa kowa ba.

"Sake shi! Shi ka riƙe da ita!"

Shi ya ɗora katakon, ya san tsawonsa, ya san inda ɗaya kan ya kwanta. Ya san gadon tsohuwar yana jikin bangon yamma, don shi ya matsar mata da shi ranar da ya yi rufin. Ya zagaya ya nuna musu wuri, ya ce nan, da hannu, tubali ɗaya bayan ɗaya, kada wanda ya taka sama. Suka yi ta tona har farcensu ya yi jini. Bugun tasar ya tsaya. Maccido ya fara kuka yana tona. Sai ga tafin ƙafa, sai ga zane. Katakon ya tokare a kan guntun bango, ya bar mata ɗan wurin da bai fi akurki ba. Ƙafarta ɗaya ta karye. Ƙasa ta cika mata baki, shi ya sa ba ta iya kira.

Suka jawo ta a hankali, suka ba ta ruwa. Ta buɗe ido ta dubi ɗanta, ta dubi Mu'azu, sannan idonta ya sauka a kan kafinta.

"Maigandi," in ji ta, da ƙyar. "Ashe bakinka bai riƙe magana."

"Gwaggo, ba ni nif fara ba. Kwanonki yat tahi gari da kainai yak kai ƙara."

Maccido ya goya ta har inda suka bar mashina. Sun shigo gari ana kiran isha'i.

Baba Maigandi, kai ne ka taɓa abin da gari guda ya ja da baya a kansa. Kai ne ka yarda a ce maka mai karya alkawari, a ce ka zautu, don ran wata tsohuwa da ba ka haɗa komai da ita ba. Na san ba ka son a yi zancen. Da na zo maka da shi ka ce ba abin yabo ba ne, ka ce tun ranar da ka rufa ɗakin ya kamata ka je ka gaya wa ɗanta, kuma mako biyun nan ba ka yi barci mai daɗi ba. Na rubuta wannan ma, don ka ce in ba zan sa shi ba kada in sa sauran.

Amma mu abin da muka gani shi ne mutumin da ya san aikinsa har ya san wanda ke kwance a ƙarƙashinsa. Matasan da suka karɓi guduma a hannunka, da masu gini, da masu haƙa rijiya, da kowa ma, ku duba wannan. In ka yi wa mutum aiki, kada ka manta da shi da zarar ka sauko. Ku je ku zauna wurin Baba ku koyi alamomin nan tun yana iya faɗa muku, don hadari bai daina zuwa ba.

Mun gode, Baba, sarkin tsani. Allah Ya sassauta maka gwiwa, Ya sa ka gama lafiya, Ya yi maka inuwa ranar da babu rufi sai nasa.

Gwaggo Ma'u tana nan da ranta, tana dogara sanda a gidan ɗanta. Kowace Juma'a takan aika wa Baba Maigandi ƙwaryar nono. In mai kaiwa ya tambaye ta saƙo, amsarta ɗaya ce.

"Ka ce ma mai tsegumin nan ban yahe ba tukuna. Ka ce shi sha da sanyi."